Kilo Arba'in da Bakwai

A Plovdiv, bayan tashar jirgin ƙasa,
matakala goma sha ɗaya ke gangarawa
zuwa wani ɗaki mai warin tsatsa da gumi.
Na ƙirga su tun ranar farko,
don ni akawu ne, ƙirge nake ci.
Shekara talatin ban ɗauki abin da ya fi
littafin haraji nauyi ba.

Yordanka ce mai wurin.
Kanta fari fat, damtsenta ya fi cinyata kauri.
Ta dube ni daga wuya har sawu
kamar mai shirin taya ramammen rago,
ta ce, "Me ke tafe da kai?"
Na ce, "Kilo arba'in da bakwai."
Ba ta tambayi na mene ne ba.

Sandar tsintsiya ta miƙo mini.
Ga samari can suna yar da ƙarfe, ƙasa na amsawa,
ga ni gaban madubi riƙe da kayan shara,
tabarau na zamewa a kan hanci.
"Ƙugu baya. Ƙirji sama.
Ka taka ƙasa da diddige kamar kana bin ta bashi.
Gwiwa za ta yi aiki, gadon baya rakiya ya zo."
Mako biyu cur ina sunkuya wa sanda.

Sai ta ba ni sandar ƙarfe tsirararta,
ko faifai ɗaya babu a jikinta.
Kilo ashirin. Na ɗaga sau biyar.
Washegari jiki ya yi tsami,
sai da na dafa bango kafin na sa safa,
na gano akwai nama a wuraren
da na ɗauka ƙashi ne zalla.

Ban gaya mata ba:
daren da dusar ƙanƙara ta fara sauka bana,
mahaifiyata Nevena ta zame a banɗaki.
Na rungumo ta, na ja, na sake ja,
ta ƙi barin ƙasa.
Maƙwabci na buga wa ƙofa, ƙarfe biyun dare.
Tana naɗe da tawul, ido a kan bango,
ta ce, "Ba komai, Rado,"
da muryar da take lallashina ina yaro.

Na buɗe sabon shafi a littafina.
Ashirin da biyar. Talatin.
Talatin da biyu da rabi, sau uku, na huɗu ya ƙi.
Mura ta kwantar da ni, na koma talatin.
Alli ya shige layukan tafina,
kanta ta fito inda alƙalami bai taɓa gogawa ba.

Ran da na ɗaga arba'in da bakwai
na sake shi ya faɗi, tim, don murna.
Yordanka ta ajiye kofin gahawarta.
"Wa ya ce ka yar?
Ɗagawa ko jaki ya iya.
Sake ɗauka, ka ajiye shi
yadda ko ɓera ba zai farka ba."

Yau da safe na ɗauko Nevena daga gado.
Mutum ba shi da mariƙi,
yana numfashi, yana kama maka wuyan riga.
Ƙugu baya. Ƙirji sama.
Ta taso da sauƙin da ya ba ni tsoro:
likita ya ce arba'in da uku take yanzu.

Na kai ta kujerar bakin taga,
inda take hango kogin Maritsa ta tsakanin benaye.
Ta ce, "A hankali, ni ba buhun dankali ba ce."
Na lanƙwasa gwiwa.
Kujerar ko ƙara ba ta yi ba.

Gobe Laraba, akwai hamsin.